Iskar Tunel: Daga Japoma Zuwa New Bell, Wa Ke Auna Abin Da Muke Shaƙa?

Duk wanda ya taɓa sa farar riga ya hau babur daga Japoma da sassafe, ya nufi New Bell ta Ndokoti, ya san abin da zai tarar a wuyan rigarsa idan ya sauka. A Japoma gari yana da sauran sarari. Kogin Dibamba na kusa, akwai ciyayi, kuma katafaren filin ƙwallon nan mai cin mutum 50,000, inda aka buga wasannin kofin Afirka a farkon 2022, yana tsaye a fili iska na kaɗa shi ta kowace fuska. Amma tafiya na miƙawa hanya na ƙara matsewa. Ga tireloli, ga tifofin yashi, ga tasi masu launin rawaya, ga kuma babura, waɗanda mutanen Duwala ke kira bensikin, kamar an tone gidan tururuwa. Kafin ka kai mahaɗar Ndokoti idonka ya fara yaji.

A nan ne ake gangarawa wurin da kowa ke kira tunel, inda titi ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashin layin dogo. Bakano zai ce gadar ƙasa ce, irin ta Kabuga ko ta Gadon Ƙaya, kuma bai yi kuskure ba. Gajeriya ce. Idan hanya ta buɗe, kafin ka gama bisimilla ka fita ɗaya bakin. Sai dai hanyar Ndokoti ba ta cika buɗewa ba. Da safe da yamma ababen hawa kan tsaya cik, bakin salansar wannan a gwiwar wancan, kowa ya ƙi kashe inji don kada layi ya motsa a bar shi. Idan kuma ruwan sama ya sauko, abin da ba baƙo ba ne a garin da ke samun ruwa kusan mita huɗu a shekara, masu babur kan ruga ƙarƙashin duk wani rufi su fake, su da fasinjojinsu, a daidai inda hayaƙi ya fi taruwa.

Ɗan yayana yana cikin masu wannan sana'a. Yakan bi ta wurin fiye da sau goma a yini. Da daddare idan ya dawo ya yi alwala, ruwan da ya shaƙa ya fyace baƙi ne, kuma kusan kullum sai ya nemi maganin ciwon kai. Da na yi masa magana sai ya ce, "Baba, ai mun saba." Ban ga laifinsa ba, domin ni ma haka nake faɗa shekara da shekaru. Amma sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma huhu ba ya sabawa da guba, haƙuri kawai yake yi har ya gaji.

Abin da ido ke gani da abin da ba ya gani

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A sha'anin iskar rami wannan magana ba ta cika aiki ba, domin mafi saurin kisa a cikin abin da salansa ke fitarwa ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya sa tari. Sunansa kabon monoksayid. Yana samuwa ne idan fetur ko gawayi ya ƙone bai ƙone sarai ba. Shi ne wanda muke jin labarinsa idan aka wayi gari an tarar da iyali guda sun mutu a ɗaki saboda an kunna janareta a soro ko a bayan taga, ko an kwana da gaushi a ɗakin da aka toshe lokacin sanyi. Jinin ɗan Adam yana kama shi da ƙarfin da ya ninka yadda yake kama iskar oksijin fiye da sau 200. Wato da zarar ya shiga, sai ya zauna a kujerar da aka tanadar wa iskar rayuwa, ya ƙi tashi. Farkon alamarsa ciwon kai ne, sai jiri, sai kasala da tashin zuciya, sai mutum ya ji barci na fizgarsa. Mai babur da ya ji haka zai ce rana ce ta buge shi, ko yunwa, ko zazzaɓin cizon sauro ne ke son kama shi.

Na biyu shi ne naitirojin dayoksayid, wanda injin dizal ya fi fitarwa. Shi kam ana ɗan jin sa, shi ne mai yajin nan a ido da maƙogwaro. Ba ya kayar da mutum nan take a yawan da ake samu a titi, amma yana ƙuje hanyoyin numfashi, kuma mai asma ya fi kowa saninsa. Na uku shi ne ƙurar hayaƙi, wadda ke baƙanta wuyan riga. Wadda ake gani da ido ita ce mai sauƙi, gashin hanci da majina na tare da yawa daga cikinta. Mai haɗarin ita ce 'yar mitsitsiyar da kaurinta bai kai ɗaya cikin talatin na silin gashin kai ba, wadda ke zarcewa har ƙuryar huhu, wani ɓangarenta ma ya shiga jini. A 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar dajin huhu. A 2021 kuma hukumar ta rage iyakar da ta ɗauka a matsayin mai dama-dama ta wannan ƙura zuwa maikirogiram 5 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin shekara, 15 a matsakaicin yini.

A sarari, iska na ɗebe waɗannan abubuwa ta watsa su. A rami kuwa, bango biyu da rufi sun hana su tafiya. Wannan ita ce gaba ɗaya matsalar, kuma an fi shekara ɗari ana kokawa da ita.

A watan Mayun 1924, a birnin Pittsburgh na Amurka, ma'aikatan jiragen cikin gari suka shiga yajin aiki, kowa ya fito da motarsa. Wani sabon rami da aka haƙa cikin dutse, mai tsawon kusan kilomita biyu, ya cika maƙil. An buɗe shi ne kafin a gama haɗa na'urorin shigar da iska. Motoci suka tsaya, direbobi suka bar injuna a kunne, aka riƙa fito da mutane a sume. Duk lokacin da na tuna wannan labari sai Ndokoti ta faɗo mini, ba don tsawon ya yi kama ba, sai don dalilin ɗaya ne: cunkoso da injin da ba a kashe ba.

A daidai waɗannan shekaru ake haƙa ramin Holland a ƙarƙashin kogin Hudson, tsakanin New York da New Jersey, mai tsawon kimanin kilomita biyu da rabi. Masu aikin sun san idan ba su warware batun iska ba, kabari suke haƙawa. Sai suka fara da awo. Wani masanin jikin ɗan Adam na jami'ar Yale, Yandell Henderson, ya jagoranci gwaje-gwaje don gano yawan kabon monoksayid da mutum zai iya jurewa da kuma tsawon lokacin, aka kuma auna abin da motocin zamanin ke fitarwa. Injiniya Ole Singstad ya ɗauki waɗannan alƙaluma ya zana tsari: sabuwar iska ta shigo ta wata hanya da ke ƙarƙashin kwalta, ta fito ta ƙofofi a gefen titi, gurɓatacciya kuma a zuƙe ta ta rufi. Aka gina gidaje huɗu aka zuba fankoki 84, masu iya sauya iskar ramin gaba ɗaya cikin daƙiƙa 90. Aka buɗe shi a Nuwamban 1927. Abin lura shi ne jerin aikin: an auna, an yi lissafi, sannan aka sayi fanka.

Yau yawancin ramukan mota ba sa bin wannan tsari mai tsada. An fi rataya manyan fankoki masu kama da ganga a rufi, bi-biyu, suna tura iska daga wannan baki zuwa wancan. Alhazanmu sun san su, su ne masu rugugin nan a ramukan Makka da hanyar Mina. Idan ramin hanya ɗaya ce kuma motoci na gudu, su kansu motocin suna tura iska gaba kamar yadda famfon keke ke yi, har fankar ta huta. Da zarar gudu ya ragu wannan taimako ya ƙare. Shi ya sa injiniya ya fi tsoron cunkoso a kan yawan motoci.

Fankar kuma ba ta tashi da ka. A jikin bango, tazara bayan tazara, akwai na'urorin awo. Wata tana da ɗan ƙoƙon sinadari da ke fitar da lantarki gwargwadon gubar da ta taɓa shi. Wata tana harba haske daga wannan akwati zuwa wancan, ta lissafa nawa ne ƙura ta cinye a hanya, daga nan a san nisan da direba zai iya hangowa. Wata kuma tana auna gudun iskar da inda ta nufa. Duk suna aika rahoto ɗakin kula, inda kwamfuta ke ƙara wa fanka ƙarfi ko ta rage. Ƙungiyar hanyoyi ta duniya, PIARC, ta ba da shawarar a tsara rami yadda kabon monoksayid ba zai wuce kashi 70 cikin miliyan ba a zirga-zirgar yau da kullum. Idan ma'aikata za su daɗe a ciki suna gyara, kada ya wuce 20. Idan ya kai 200, a rufe ramin. Ga naitirojin dayoksayid kuma, kashi 1 cikin miliyan. A riƙe bambancin nan na 70 da 20, domin a kansa maganar Duwala ta rataya.

Ranar da iska ta zama abokiyar gaba

Ramin Mont Blanc ya ratsa ƙarƙashin dutse mafi tsawo a tsaunukan Alps, ya haɗa Faransa da Italiya, kilomita 11.6. Ranar 24 ga Maris 1999 wata tirela 'yar Beljiyam ɗauke da fulawa da man shafa wa burodi ta kama wuta a kusa da tsakiyarsa. Ba fetur ta ɗauko ba, ba sinadari ba, kayan abinci ne irin waɗanda ke fita daga tashar Duwala zuwa Njamena da Bangi kowace rana. Man ya narke ya zama makamashi, zafi ya kai digiri 1,000, wutar ta ci fiye da kwana biyu. Mutum 39 suka rasu, mafi yawansu a cikin motocinsu ko kusa da su, kuma hayaƙi ne ya fara cim musu kafin harshen wuta.

Abin da bincike ya fito da shi ya fi adadin ciwo. Ramin yana da ɗakunan kula biyu, ɗaya a kowace ƙasa, kowanne na gaban kansa. A ɓangaren Italiya aka hura sabuwar iska da niyyar taimakon mutanen da ake hangowa, iskar kuwa ta ƙara wa wutar ƙarfi ta tura baƙin hayaƙi zuwa ɓangaren Faransa inda motoci ke jere. Fankar da aka sa don ceton rai ta zama mafici a hannun gobara. Bayan wata biyu, wuta ta tashi a ramin Tauern na Ostiriya, mutum 12 suka mutu. A Oktoban 2001 ta tashi a ramin Gotthard na Suwizalan, aka rasa 11.

Shekara uku Mont Blanc ya yi a rufe. Da aka sake buɗe shi a 2002, hukuma ɗaya ce ke tafiyar da shi, an gina mafaka a kowace mita 300 mai iskarta daban, an buɗe ƙofofin zuƙe hayaƙi a kowace mita 100, an wajabta tazara tsakanin mota da mota, ana kuma duba zafin jikin tirela kafin ta shiga. A 2004 Tarayyar Turai ta kafa doka kan ramukan manyan hanyoyinta da suka wuce mita 500, ta ce wanda ya wuce mita 1,000 kuma yake da yawan motoci dole a sa masa na'urar iska.

Mu Musulmi muna da namu abin tunawa, wanda ya riga wannan. Ranar 2 ga Yulin 1990, lokacin aikin Hajji, aka yi turmutsutsu a ramin Mu'aisim da ke kaiwa Mina, mai tsawon kimanin mita 550. Alhazai 1,426 suka rasu, da yawa 'yan Indonesiya da Malesiya da Pakistan. Ramin na masu tafiya a ƙasa ne, babu salansa ko ɗaya a ciki. Amma jama'a sun ninka abin da aka gina shi ya ɗauka, ana tsananin zafi, kuma rahotannin lokacin sun ambaci tsayawar na'urorin iska. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tsakiyar irin wannan rami cikin taro ya san cewa rugugin fankar nan da ke damun kunne shi ne abin da ke tsakaninsa da halaka. Kuma fanka da lantarki take aiki. Wannan jimla kaɗai ta isa ta sa mazaunin Duwala, wanda ya san ɗaukewar wuta, ya yi shiru ya yi tunani.

Gajeren rami, dogon zama

Idan aka bi littafin injiniya, tunel irin na Ndokoti ba ya buƙatar fanka. Bai kai tsawon ba. Iskar da ke shiga ta bakunansa biyu ya kamata ta wadatar. Ba na jayayya da wannan lissafi a inda aka yi shi. Abin da nake cewa shi ne an yi shi ne don wani mutum daban: wanda ke cikin mota mai rufaffen gilashi, a hanyar da ba a tsayawa, wanda zai wuce cikin minti biyu ya koma gida. Guba kuwa ba yawanta kaɗai ake dubawa ba, har da tsawon zaman da aka yi da ita. Shi ya sa aka ba mai wucewa 70, aka ba ma'aikaci 20.

To, a wane layi za a sa ɗan yayana? A wane layi za a sa matar da ke gasa masara da ayaba a bakin gangaren tun hantsi har isha'i, da goyo a bayanta? Ko yaron da ke ratsa tsakanin motoci da ruwan leda, wanda tsayinsa ya sa hancinsa ya fi na kowa kusa da salansa? Ko mai tsire, wanda ke da nasa hayaƙin gawayin a gabansa, ga na titi a bayansa? Ko ɗan sandan da ke ba da hannu? Waɗannan ba masu wucewa ba ne. Wurin aikinsu ke nan, awa takwas, awa goma, kwana shida ko bakwai a mako. A lissafin Turai babu su, domin a can ba a kasuwa a bakin rami.

Motocin ma ba irin na lissafin ba ne. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufa. Tashar Duwala na cikin ƙofofin da suke shigowa. Da yawa sun tsufa, wasu kuma an cire musu tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta. Sai kuma man. A Turai farar wutar da ke cikin dizal ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan. A 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto cewa man da ake sayarwa a wasu ƙasashen Afirka ya ninka wannan sau ɗaruruwa, kuma 'yan kasuwar Turai ne ke haɗa shi musamman don kasuwarmu. Kamaru kanta, tun gobarar matatar Sonara ta Limbe a ƙarshen Mayun 2019, da tataccen man waje ta dogara. Ga kuma na kwalba da jarka da ake sayarwa a gefen titi, wanda babu mai gwada shi. Farar wuta na ƙara ƙurar hayaƙi, tana kuma kashe tukunyar tacewa ko da ba a cire ta ba.

Akwai wani tsohon tarihi da ke zuwa mini a duk lokacin da ake maganar iska a garin nan. New Bell kanta da sunan lafiya aka kafa ta. Kafin yaƙin duniya na farko Jamusawa suka yanke shawarar tayar da 'yan ƙabilar Duwala daga tudun da ke bakin kogin Wuri, inda iskar ruwa ke busowa, su mayar da su ciki, su bar fili na kilomita ɗaya tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, suna kafa hujja da zazzaɓi. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, aka rataye shi ranar 8 ga Agustan 1914. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi, Hausawa da Bamileke da Basa da sauransu, a nan kakanninmu fatake suka sauke kaya suka gina masallatai suka buɗe mahauta da rumfunan goro. Tun wancan lokaci akwai masu samun iskar kogi da masu samun ragowarta. Yau ba doka ce ke raba mu ba, gilashin mota da na'urar sanyaya ɗaki ne, amma wanda ke shan mafi munin iskar bai canza unguwa ba.

Kamaru ta riga ta san darasin

Ba sai an je Turai ba kafin a nuna wa ɗan Kamaru cewa iskar da ba a gani tana kisa. Daren 21 ga Agustan 1986 tafkin Nyos da ke Arewa maso Yamma ya yi gyatsa, ya saki iskar kabon dayoksayid da ta daɗe a ƙarƙashinsa. Wannan ba irin ta salansa ba ce, amma ta fi iska nauyi, sai ta bi kwari ta gangara kamar ruwa. Mutum fiye da 1,700 suka mutu, da dabbobi kimanin 3,500, cikinsu har da Fulani makiyaya da shanunsu. Abin da aka yi bayan haka shi ne ainihin aikin da ake yi a rami: tun 2001 aka fara kafa bututu mai fitar da iskar a hankali, aka kuma sa na'urorin awo masu jiniya don su tashi mutane idan ta taru. Fitarwa, aunawa, gargaɗi. Ƙasar da ta iya yin haka a tafkin da ke lungun tsauni za ta iya yi a mahaɗar da ta fi kowace cika a babban birnin kasuwancinta.

Doka ma akwai. Dokar muhalli ta 5 ga Agustan 1996 ta haramta gurɓata iska yadda zai cutar da lafiyar jama'a, kuma a 2011 an fitar da umarnin Firayim Minista kan kare sararin samaniya. Amma doka ba ta da haƙori idan babu adadi. Alƙali ba zai hukunta yajin ido ba, likita ba zai rubuta "wuyan riga ya yi baƙi" a takarda ba. Adadi ne ke mayar da ƙorafi hujja.

Kuma awon ya yi araha fiye da da. A jami'ar Makerere ta Uganda akwai wani shiri mai suna AirQo, inda suke ƙera ƙananan akwatunan awo da kansu, su kafa wasu a jikin gine-gine, su ɗaura wasu a kan baburan haya na Kampala, babur na yawo akwati na aika rahoto. Wannan dabara kamar don Duwala aka yi ta. Masu bensikin sun fi kowa sanin inda hayaƙi ke kwana, suna da ƙungiyoyinsu, kuma su ne za su fi amfana da sakamakon. Irin waɗannan akwatuna suna da rauninsu: laima na ruɗa su, su ɗauki tururin ruwa a matsayin ƙura, ƙoƙon sinadarinsu kuma yana tsufa cikin 'yan shekaru. Dole a riƙa gwada su da babbar na'ura ingantacciya, aiki ne da jami'ar Duwala za ta iya riƙewa. Na'urar da aka kafa aka manta da ita ta fi rashinta haɗari, domin za ta ci gaba da nuna lafiya lau alhali ta daɗe da mutuwa.

Garin kuma yana girma ta gabas, ta wajen Yasa da Japoma, kuma a 2022 Bankin Duniya ya amince da kuɗin shirin manyan motocin bas masu layinsu daban a Duwala. Duk inda aka ce za a warware mahaɗa, ko dai a hau sama ko a shiga ƙasa. Wata rana za a kawo zanen rami mai tsawon gaske, za a nuna hotonsa da fitilu. A ranar ina fata shugabannin unguwanninmu, da limamai, da 'yan majalisar gari, za su yi tambayoyin da ba a saba yi ba. Idan wuta ta ɗauke, me zai juya fankar, kuma cikin daƙiƙa nawa? Idan ruwan Agusta ya cika gangaren, ina famfon da zai kwashe, kuma ina aka ɗora akwatin lantarkin? Laimar gishiri ta bakin teku tana cin ƙarfe, wa zai duba fankokin bayan shekara biyar, daga wane asusu? Tankar mai za ta bi ta ciki? Wa ke da ikon rufe ƙofa idan adadi ya haura, kuma zai iya yi ba tare da jiran waya daga sama ba? Iskar da aka turo daga ciki, a kan rumfar wa za ta fito? Idan babu amsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi: a yi gadar sama, iska ta yi aikinta kyauta.

Kafin wannan rana, akwai abin da ba ya jiran kwangila. Kashe inji idan layi ya tsaya fiye da minti ɗaya, musamman a gangare da ƙarƙashin rufi. Matsar da teburin sana'a daga bakin rami zuwa inda iska ke ratsawa, ko da taku ashirin ne, domin hayaƙi na raguwa da sauri idan aka yi nisa da salansa. Sauke goyo daga wurin gaba ɗaya idan da hali. A kuma san cewa ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci yana tare babbar ƙura ne kawai. Takunkumi mai kyau yana tare ƙaramar, amma babu wanda ke tare kabon monoksayid a cikinsu. Wanda ya ji ciwon kai da jiri a cikin cunkoso, ya fita sarari tukuna kafin ya nemi ƙwaya.

Na faɗa wa ɗan yayana duk wannan a zaure bayan sallar isha'i. Ya ce batun kashe inji zai gwada, amma batirinsa ba shi da ƙarfi, sai ya riƙa bugawa da ƙafa, kuma fasinja ba ya son jira. Na ce zan saya masa batirin. Ya tambaye ni ko akwatin awon nan yana da nauyi, da kuma inda ake ɗaura shi a jikin babur. Na ce a Kampala a kan babur ɗin yake tafiya duk inda mai shi ya nufa. Ya ce idan an kawo, a fara ba shi, shi zai kai shi tunel da ƙarfe bakwai na safe.